Ɗigo Bakwai a Kan Gilashin Masallaci

Malam Idrisu Maiwada mutumin Rano ne. Shekara ashirin da uku ya yi yana kula da wani ƙaramin masallaci a unguwar Suwaidi da ke birnin Riyad, can bayan layin masu sayar da kayan ɗaki. Shara da kakkaɓe darduma da wanke wurin alwala nasa ne, haka ma fitilu da na'urorin sanyi da lasifika. Dattijon da ya gina masallacin, Abu Nasir, shi ne kafilinsa. Sunansa ne a kan igamar Malam Idrisu, takardarsa ta izinin zama, wato duk ranar da ya ce aiki ya ƙare, zaman Riyad ma ya ƙare. Ɗakin da aka ba shi yana jikin masallacin ta baya, gado ɗaya da risho da akwati.

Ni sunana Ghali, direban gida ne, daga Zariya. A 2010 na zo, kuma gidan da nake wa tuƙi layi biyu ne tsakaninsa da masallacin. Ranar da na fara shiga na tarar da wani gajeren dattijo yana jan injin shara yana yi masa faɗa da Hausa, saboda wayarsa ta naɗe a jikin ginshiƙi. Na yi sallama na gaishe shi. Ya tambayi garinmu, na faɗa.

"Bazazzagi?" ya ce. "To ajiye takalminka inda zan riƙa ganinsa. In ka tashi fita kuma, naka kaɗai za ka sa."

Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba sai in magana ta yi nauyi.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, in faɗi gaskiya. Ba ya zuwa inda Hausawa ke taruwa a unguwar Dira ranar Juma'a da yamma, ba ya hirar siyasa, ba ya tambayar wa ya zo wa ya tafi. In ka zauna da shi awa guda, kai ne za ka yi surutun minti hamsin. Sai fa in ka taɓo maganar sauti, nan kam sai ka nemi hanyar gudu. A Rano hayar lasifika yake bayarwa, a wurin wa'azi da saukar karatu, yana ɗaure ta a bayan keke. Lebura ya zo Riyad, yana cikin waɗanda suka ɗora bulon masallacin. Ranar buɗewa makirfo ya kama kuka a gaban manyan baƙi, injiniyan ya rasa yadda zai yi, sai wani lebura da siminti a ƙafarsa ya ratsa sahu ya murɗa abu biyu, kukan ya tsaya. Abu Nasir ya ce wannan ba zai koma ɗaukar bulo ba.

A gefen mihrabi akwai wani kabad na katako, a cikinsa wata baƙar amfilifaya mai maɓallan murɗawa goma sha biyu. Sama da ita a bango ga jerin makunnai ashirin da huɗu. Ya san kowanne yadda harshe ya san haƙora. Maɓallin makirfon ladan ya ɗan ɓantare a gefe. Na liman ya fi sauran tauri. Na amsa-kuwwa, in ka kai shi rabi, yakan yi ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsa, kuma a nan yake tsayar da shi. In ladan ya tashi da mura ya san abin da zai rage. In baƙon limami ya zo da ƙaramar murya a watan azumi, kafin ya kai ƙarshen Fatiha an gyara masa.

Ma'auninsa kuwa wani dogon bene ne a tsallaken titi. In ladan ya ce Allahu Akbar, muryar takan fita daga hasumiya, ta bugi bangon benen, ta dawo farfajiyar masallaci bayan numfashi guda. Da wannan dawowar yake auna aikinsa. In ta dawo a cike sai ya ci gaba da abin da yake yi. In ta dawo a shaƙe, ranar ko gaisuwarka ba zai amsa da kyau ba. Ya sha gaya mini cewa tun da ya karɓi makullin kabad ɗin a 1995 ba a taɓa kiran salla a masallacin nan kiran bai fita ba, har ranar da aka ɗauke wuta, don yana da batir a ajiye.

A 2014 na gane ba ya gani. 'Yarsa Ruƙayyatu ta haihu a Kano, shi kuwa wayarsa irin ta da ce mai maɓallai, ba ta karɓar hoto, sai aka turo hoton jaririyar ta tawa. Na same shi a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar, na buɗe hoton na miƙa masa. Ya riƙe wayar dab da fuskarsa, ya daɗe. Ya ce masha Allahu. Ya ce hancin na uwarta ne, goshin kuma na gidansu. Ni kuwa ina tsaye ta bayansa, ina kallo wayar ta rufe kanta tun ɗazu. Gilashin baƙi ƙirin, ba komai a kai sai inuwar fuskarsa.

Ban san abin da ya hana ni yin shiru ba. Na ce, "Malam, ai hoton ya ɗauke."

Ya miƙo mini wayar. Ya saurara ko akwai mai wucewa, sannan ya jawo ƙofa.

"Ghali," ya ce, "zauna."

Idon hagu, in ji shi, ya yi shekara biyu da tafiya gaba ɗaya. Na dama yana ganin haske da motsi, yana gane mutum in ya matso, amma rubutu da ƙananan abubuwa sun zama hazo. Ba wani ciwo mai yawa. A hankali abin ya riƙa ci daga gefe-gefe har ya saba. Na ce to asibiti fa, ga katin inshora a aljihunsa, kowace shekara ana sabunta shi tare da igama.

"Katin na wa?" ya ce. "Asibiti su rubuta, takarda ta je hannun Abu Nasir, sai me? Ka manta Abdou?"

Ban manta ba. Abdou mutumin Maraɗi ne, maigadin wata makaranta a unguwar Shifa. Ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, aka kwantar da shi sati biyu, kafin ya gama warkewa an buga masa huruj, takardar fita ba dawowa. Mu muka ɗaure masa kayansa a buhu.

"Mutum tara ke ci daga aikin nan," in ji Malam Idrisu. "Wannan ɗaya. Na biyu, da ƙafata na bar Rano. Ba zan koma wani na riƙe da hannuna ba, unguwa ta fito kallo. Ka bar ni in ƙara 'yan shekaru in tafi da kaina. Ka rufa mini asiri."

Na ce na rufa. A lokacin gani nake abin da ɗan'uwa zai yi ke nan. Na sayo masa tabarau a Dira, ya gwada ya ce jiri kawai yake ƙara masa. Na sayo ruwan wanke ido a kantin magani. Shi kuma yana sa kwalli yana shafa zamzam. Haka muka yi ta maganin abin da ko sunansa ba mu sani ba.

Ɓoyewar ba ta yi wuya yadda mutum zai zata ba. Taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa kabad, ya sani. Layin darduma da tafin ƙafa yake jin sa. Masallata da muryarsu yake gane su, wasu da tarinsu, Abu Nasir da ƙarar sandarsa. Wasu makunnan bangon ya ɗaura musu zare. Hutun zuwa gida ya daina ɗauka, don ya san matarsa Azumi kallo ɗaya za ta yi masa ta gane. Su kuwa mutanen unguwa ba sa duban idon mai shara. Suna shigowa su tarar da sanyi da haske da darduma mai ƙamshi, su yi salla su fita. Shekara biyu muka yi a haka ba wanda ya ce uffan.

Sai a 2016 'ya'yan Abu Nasir suka tashi gyara wa mahaifinsu masallaci. Aka canja darduma, aka sa marmara a wurin alwala, aka sauke tsoffin fitilu. Aka fitar da kabad da amfilifayar da makunnan duka. A madadinsu aka manna wani allon gilashi a bango, faɗinsa bai wuce faranti ba, wai da shi za a riƙa sarrafa komai.

Ban san wanda ya zauna ya yanke cewa komai na duniya sai ya koma gilashi ba. Motar da nake tuƙawa ma haka aka yi mata. Da in zan rage sanyi hannu nake kaiwa idona na kan titi, yanzu sai na sunkuya ina neman wani ɗan zane, na baya na danna mini ham. Mai ido ma abin na ba shi haushi, balle wanda da hannu yake gani.

Wanda ya haɗa na'urar ɗan Filifin ne. A Turanci ya bar ta, kuma cikin minti biyar ya gama koyarwa: taɓa nan, ja nan, taɓa can. Malam Idrisu na tsaye a gefensa yana gyaɗa kai yana cewa aiwa, aiwa. Kwana biyu mutumin ya yi yana zuwa gwaji, shi yake kunna komai. Ranar da ya tafi, Malam Idrisu ya kira ni a waya ya ce in zo in na sauke yaran gida a makaranta.

Na same shi a gaban allon yana shafa shi da tafin hannu, fitilu na ta kunnuwa suna mutuwa a bayansa.

"Sumul," ya ce. "Ko'ina ɗaya. Maɓalli in ka danna shi yakan amsa maka, ka ji a yatsa cewa ya ji. Wannan ko tari ba ya yi."

Dabarar tawa ce, kuma a lokacin har alfahari na yi da ita. Na je Dira na sayo gilashin kariya irin wanda ake manna wa waya, daidai girman allon, da ɗan bututun gam mai kamawa nan take. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ake rufe masallaci, na manna gilashin, na ɗauki tsinken sakace ina ɗiga gam a kan kowane zane da yake buƙata. Ɗigo bakwai. Uku a sama: na hagu lasifikar hasumiya, na tsakiya ta cikin masallaci, na dama ta sashen mata da ke hawa na biyu. Biyu a tsakiya, a farko da ƙarshen layin da ake ja don ƙara murya. Biyu a ƙasa, fitilu da sanyi. In gam ya bushe ba shi da launi, girmansa kuma bai kai ƙwayar gero ba. Mai ido zai wuce bai lura ba, yatsa kuwa ba ya kuskure shi.

Muna zaune muna jiran ya bushe ya ce mini kwanan nan idon dama na yi masa nauyi, kuma in ya kalli fitila yana ganin zobe-zobe a kewaye da ita. Ina tune da abin da na ce masa sarai. Na ce ƙurar gyaran nan ce, bari mu gama da wannan tukuna.

Sati guda muna gwaji. Ina kiran suna yana kai yatsa. Da farko dannawa yake da ƙarfi kamar zai huda bangon, na ce a hankali, Malam, shafawa ake yi. Ya ce to, ashe na'urar ma 'yar gata ce. Kafin ƙarshen sati ya fi ni sauri. Layin murya ya raba shi da faɗin yatsa: uku daga hagu na salla, huɗu na kiran salla, huɗu da rabi in ladan na mura. Ya tsaya a farfajiya ya saurari benen tsallake, ya dawo ya rage kaɗan, ya sake fita. Ya ce muryar ba ta kai ta tsohuwar amfilifaya ɗumi ba, amma za a zauna da ita.

Shekara biyu ɗigon nan suka riƙe shi. Har Abu Nasir ya taɓa yabonsa a gaban mutane, wai ga dattijo ya koyi na'urar Turawa, alhali 'ya'yansa masu digiri sai sun kira injiniya. Ni kuma ina gefe ina jin daɗi a raina. Abin da na lura da shi ban faɗa ba shi ne ya daina gane ni in na matso sai na yi magana, kuma ya fara bin bango da kafaɗa in zai je wurin alwala. Na daina tambayarsa idon, shi ma ya daina faɗa.

A tsakiyar zafin 2018 aka kawo sabon liman, mutumin kirki mai son karantarwa. Wata Laraba bayan azahar ya zauna zai yi darasi, ya ga muryarsa ba ta kaiwa sahun baya, Malam Idrisu kuwa yana can yana wanke wurin alwala. Ya tashi da kansa ya je gaban allon, ya tarar da Turanci. Ya shiga ya mayar da shi Larabci, ya ƙara muryarsa, ya yi darasinsa ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Masallaci a tsakiyar Riyad, liman Balarabe, ai ko ni ne haka zan yi.

Abin da ba wanda ya sani a cikinmu shi ne, in aka mayar da allon Larabci ba rubutu kaɗai ke canjawa ba. Tun da Larabci daga dama yake farawa, duk zanen ma juyawa yake yi. Abin da ke hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Layin murya shi ma ya juya, inda ake ja a ƙara ya zama inda ake ja a rage. Ɗigona bakwai suna nan inda na sa su, abin da ke ƙarƙashinsu ne ya tashi.

Ba na nan abin ya faru, na kai matar maigidana Shifa wajen 'yar'uwarta. Daga bakin Malam Idrisu na ji, daga baya ladan ya cike mini sauran.

Lokacin la'asar ya yi. Fitilu da sanyi tare yake kashe su tare yake kunna su, saboda haka bai ji wani bambanci ba. Ladan ya tsaya gaban makirfo. Abu Nasir, wanda kullum yake riga kowa zuwa, yana zaune a kan kujerarsa a sahun farko. Malam Idrisu ya taɓa ɗigon hagu na sama, ya ja layi yatsa huɗu, ya juya kunnensa wajen ƙofa. Ladan ya ce Allahu Akbar.

Benen tsallake bai amsa ba. Sai ji ya yi muryar na saukowa daga sama, daga sashen mata, inda babu kowa. Ya zaci yatsansa ne ya zame. Ya sake lalubo ɗigon, shi ne dai, na hagu. Ya taɓa, muryar saman ta ɗauke. Ya sake taɓawa, ta dawo. Ya ja layi don ya ƙara, sai ta yi ƙasa. Ladan ya kai shahada, ido a rufe, yatsu a kunne, bai san a ɗaki yake kira ba. Cikin lalube Malam Idrisu ya taɓa wani wuri da ba shi da ɗigo, na'urar ta yi ɗan ƙit, daga nan duk inda ya taɓa ba ya yin komai. Wani saƙo ne ya fito ya rufe allon yana jiran a ce e ko a'a, da manyan haruffan Larabci irin waɗanda ya iya karantawa tun yana shekara bakwai.

Yana da mafita, kuma da na dawo na gaya masa ita cikin fushi. Mafitar ita ce ya yi shiru kawai, ladan ya gama, in an tambaya ya ce na'ura ce ta ƙi. Wa zai musa? Kowa ya san halin waɗannan abubuwan. Masallatai uku ne a kewayen, duk sun kira, ba wanda zai rasa salla. Kafin magariba zan dawo in gyara, asiri a rufe.

"Na yi wannan tunanin," ya ce mini. "Har na janye hannuna. Sai na ji ya kai hayya alas sala, kuma ba ta fita."

Sai ya juya wajen da ya san kujerar take.

"Ya Abu Nasir," ya ce, "zo ka karanta mini abin da ke nan. Ma ashuf. Ba na gani."

A nan ladan ya buɗe ido ya katse kiran. Abu Nasir ya taso da sandarsa, ya sa tabarau, ya kore saƙon, ya nemo hasumiya a dama ya taɓa, ya ja layin. Ya ce wa ladan ya sake daga farko. Kiran ya fita, ya bugi benen, ya dawo.

"Rage kaɗan," in ji Malam Idrisu.

Dattijon ya rage. Amma yatsansa ya riga ya ji ɗigon. Ladan ya ga yana bin gilashin da babban yatsa, sama, tsakiya, ƙasa, har ya taɓa su duka. Sai da aka sallame aka watse ya tambayi Malam Idrisu.

"Tun yaushe, ya Idris?"

"Na hagu shekara shida. Na dama a hankali."

"Wa ya sa maka waɗannan?"

"Ni na sa."

Abu Nasir bai ja maganar ba. Amma washegari da safe ya kira maigidana ya roƙi a ara masa direba, kuma ni ya ambata da suna, alhali yana da direbobi biyu a gidansa.

Asibitin ido muka je. Malam Idrisu ya ƙi yarda in riƙe shi, ƙarar takalmina yake bi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Aka auna, aka haska, aka sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, aka ba shi maɓalli a hannu aka ce ya danna duk lokacin da ya ga ɗan haske ya gilma. Minti biyar yana riƙe da shi, sau uku ya danna.

Likitar 'yar Sudan ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama saura kaɗan, za ta ba da magani a riƙe abin da ya rage, amma kar a sa rai. Ta tambaye shi yaushe ya fara ganin zobe a jikin fitila. Ya ce shekara biyu ke nan, lokacin gyaran masallaci.

"Da a lokacin ka zo," ta ce, "magani ne kawai za ka riƙa sawa safe da yamma, da har yau kana gane fuskar mutane, kana tafiya kai kaɗai. Katin da ke aljihunka ma ya isa."

Ta dube mu, ni da Abu Nasir. "Duk shekarun nan ba wanda ya lura?"

Abu Nasir ya kalle ni. Ni na kalli ƙasa.

"Ba kowa," in ji Malam Idrisu. "Na iya ɓoyo."

Muka kamo hanya a mota har muka shigo Suwaidi. Sannan Abu Nasir ya ce daga kujerar baya, "Da ka faɗa mini, ya Idris."

"Da na faɗa, da ka bar ni a aikin?"

Ina kallon dattijon ta madubi.

"Allahu a'alamu," ya ce.

Na fi ganin girmansa da wannan amsar fiye da a ce rantsuwa ya yi.

Bai kore shi ba, bai kuma riƙe shi ba. Saura wata huɗu igamar ta ƙare, ya ce ya zauna a ɗakinsa har lokacin. Aka kawo wani ɗan Bangaladash ya karɓi shara, liman ya karɓi allon, aka bar shi a Larabci. Malam Idrisu yakan zauna a farfajiya lokacin kiran salla ya saurari benen, in bai yi masa ba ya girgiza kai. Ni kuwa na rage zuwa wurinsa. Kunya nake ji da haushin kaina, ya fi mini sauƙi in yi salla a wani masallacin. Bai taɓa tayar mini da maganar ƙurar gyara ba, ko sau ɗaya. Ranar da na buɗe baki zan ba shi haƙuri, cewa ya yi in miƙo masa buta. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ranar tafiya, cikin watan Nuwamba, ni zan kai shi filin jirgi. Na sa akwatinsa a mota, ya ce in dakata, yana so ya shiga masallaci. Da hantsi ne, babu kowa. Ya tafi da ƙirgen takunsa har gaban allon bai taɓa bango ba. Allon a kashe yake. Ya kai yatsa sama ta hagu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, uku, biyu, biyu.

"Bazazzagi," ya ce, "ashe kun iya aiki. Shekara biyu da rabi, ko ɗaya bai ɓamɓare ba."

Muka fito. Daga ƙofar masallaci zuwa ɗakinsa ya san hanya, amma motar a tsallaken titi na ajiye ta, gindin benen, inda bai taɓa ƙirga taku ba. Ya tsaya a bakin kwalta yana sauraron motoci, ya daɗe.

"Ghali," ya ce, ya miƙo hannu.

Na riƙe, muka tsallaka.